Yadda lamba 409 take komawa "ƙ": haruffa masu ƙugiya a cikin kwamfuta

Yau za mu ɗan ratse daga nahawu tsantsa mu leƙa cikin kwamfuta, amma maganar duk ta ƙa'idojin rubutu ce.

Wani ɗalibi ne ya kawo mana kuka. Ya gama buga kundin bincikensa, ya tura wa malaminsa, da aka buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar sai ga "Æ™asa" a duk inda ya rubuta "ƙasa", ga "waÉ—anda" a maimakon "waɗanda". Yana tambaya, shin sai ya sake buga shafi ɗari da wani abu daga farko? Amsa ita ce a'a. Amma kafin mu zo kan gyaran, sai mun fahimci yadda kwamfuta take riƙe harafi.

Kada wani ya ce ai ƙugiya ado ce, a cire ta a huta. Kun san "fada" daban, "faɗa" daban. Wanda aka kai fada gaban sarki ya je, wanda aka kai faɗa kuwa wataƙila da rauni zai dawo. Haka "kafa" da "ƙafa", "baki" da "baƙi", "sako" da "saƙo", "kara" da "ƙara". In ƙugiya ta faɗi, ma'ana ta bi ta.

KOWANE HARAFI DA LAMBARSA

Kwamfuta ba ta ajiye siffar harafi. Lamba take ajiyewa. In ka danna "a" a kibod, abin da ke shiga ciki shi ne 97. Sai lokacin nunawa a fuskar na'ura ta duba jadawali, ta ga 97 na "a" ne, ta zana maka shi.

Tsohon jadawalin da aka fi sani sunansa ASCII, a Amurka aka fitar da shi a 1963. Gurbi 128 kacal gare shi, daga 0 zuwa 127. A ciki babban "A" shi ne 65, "B" 66, haka har "Z" a 90. Ƙananan haruffa suna farawa daga 97 su ƙare a 122. Tazarar da ake bari tsakanin kalma da kalma ita ma tana da lambarta, 32. Don Turanci aka tsara shi, saboda haka babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ.

A 1991 aka fitar da Unicode, jadawalin da aka yi da niyyar ya ɗauki rubutun duk harsunan duniya. Lambobinsa suna tafiya daga 0 har 1,114,111. Ya bar lambobin ASCII yadda suke, sannan ya ci gaba daga nan. A cikinsa ne haruffanmu suka samu gurbi. Ga su, ku ajiye:

Ɓ 385, ɓ 595
Ɗ 394, ɗ 599
Ƙ 408, ƙ 409
Ƴ 435, ƴ 436

Alamar naira ₦ tana 8358. Haruffan Larabci da muke ajami da su ma suna nan: alif ا 1575, ba ب 1576.

UMARNIN DA KE JUYA LAMBA TA ZAMA HARAFI

Bari mu ɗauki Python, ɗaya daga yarukan rubuta manhaja masu sauƙin koyo, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Ba lallai sai kana da kwamfuta ba, akwai manhajojin waya irin su Pydroid 3 da za ka gwada duk abin da ke ƙasa.

Umarnin sunansa chr. Ka ba shi lamba, ya ba ka harafi:

chr(107) zai ba ka k
chr(409) zai ba ka ƙ
chr(599) zai ba ka ɗ

Yana da abokin tafiya mai suna ord, wanda ke yin akasin haka. Ka ba shi harafi, ya gaya maka lambarsa. ord("ƙ") zai ce 409, ord("Ɗ") zai ce 394.

In kalma guda kake son haɗawa, sai ka jera lambobin, ka juya su ɗaya bayan ɗaya, ka liƙe:

lambobi = [408, 97, 115, 97]
print("".join(chr(n) for n in lambobi))

Abin da zai fito shi ne Ƙasa. 408 ta ba da Ƙ, 97 ta ba da a, 115 ta ba da s, sai wata 97 ɗin. Ka canza 408 zuwa 75, za ka ga Kasa. Kun ga ke nan, a wurin kwamfuta bambancin "ƙasa" da "kasa" bambancin lamba ɗaya ne tak.

Wani abu da ke ruɗa masu koyo: chr(5) ba zai ba ka "5" ba. Alƙalumman ƙidaya su ma haruffa ne masu lambobinsu, "0" yana 48, saboda haka "5" yana 53. Lambobin 0 zuwa 31 na umarni ne da ba a ganin su, misali 10 tana nufin a sauka sabon layi.

ME YA SA AKE RUBUTA U+0199?

In ka bincika ƙ a intanet, za ka fi ganin U+0199 maimakon 409. Lamba ɗaya ce, salon ƙidayar ne ya bambanta. Mu mun saba ƙirga da goma-goma. Masu kwamfuta sun fi son ƙirga da sha shida-sha shida, inda bayan 9 ake ci gaba da A, B, C, D, E, F, wato 10 zuwa 15. A wannan ƙidaya, gurbin farko daga dama na ɗaiɗai ne, na biyu na 16, na uku na 256.

To mu lissafa 199: 1 sau 256, a ƙara 9 sau 16 wato 144, a ƙara 9. An samu 409. Yauwa.

A nan ake yawan tuntuɓe. Mutum ya ga U+0199 sai ya rubuta chr(199), ya ga Ç ta fito, ya ce abin ba ya aiki. Laifinsa ne, ya karanta lambar sha shida kamar ta goma. In kana son amfani da ita yadda take, sa 0x a gabanta: chr(0x199). Nan take ƙ za ta fito.

Masu amfani da Microsoft Word a Windows kuma, ga wata dabara da ba ta buƙatar wata manhaja: buga 0199, sai ka danna Alt da X tare, lambar za ta rikiɗe ta zama ƙ. Haka 0257 na ɗ, 0253 na ɓ, 0198 na Ƙ, 018A na Ɗ, 0181 na Ɓ. Ka dai bar tazara kafin lambar, don in ta liƙe da harafi irin "a" ko "b" zai iya haɗa su ya karanta a matsayin lamba ɗaya.

SAURAN YARUKAN FA?

Kowane yare da sunan da yake kiran wannan aiki, kuma ba duka ne suke kaiwa ga haruffanmu ba.

A JavaScript, wanda shafukan intanet ke aiki da shi, String.fromCharCode(409) zai ba ka ƙ lafiya lau. Iyakarsa 65535. Haruffan Hausa duk suna ƙasa da haka, amma fuskar nan mai dariya da hawaye 😂 tana 128514, ta fi ƙarfinsa. Don irin wannan aka ƙara String.fromCodePoint a 2015, shi yana ɗaukar duka.

A PHP akwai chr, sunansa ɗaya da na Python, amma halinsu ba ɗaya ba. Shi daga 0 zuwa 255 kawai ya sani. In ka ba shi 409, sai ya cire 256 ya yi aiki da ragowar 153, ya ba ka abin da ba ka nema ba. Wanda ya dace da mu a can shi ne mb_chr.

Tsohon Python 2 ma haka yake, chr ɗinsa a 255 yake tsayawa, sai an koma unichr. An daina kula da Python 2 tun farkon 2020, amma tsofaffin darussansa suna nan birjik a intanet, saboda haka a lura.

A Excel, CHAR yana tsayawa a 255, sai UNICHAR, wanda ya zo da Excel 2013. Rubuta =UNICHAR(409) za ka ga ƙ.

In kuma ka taɓa kwafo labari daga wani shafi ka ga "&#409;asa", yanzu ka gane ta. Lambar ce tsirara, salon HTML, ba a juya ta ba. A Python, html.unescape zai mayar da ita ƙasa.

Abin riƙewa a nan shi ne wannan iyaka ta 255. Duk umarnin da ya tsaya a kanta ba zai taɓa ba ka harafi mai ƙugiya ba, tunda mafi ƙanƙantar lambarmu ita ce 385.

BABBA DA ƘARAMI

A ASCII akwai wata dabara da ake koya wa masu fara koyo: ƙara 32 a kan lambar babban harafi, ka samu ƙaraminsa. A 65, a 97. K 75, k 107. Wannan ba ya aiki a kan haruffanmu. Ku sake duba jerin can sama. Tsakanin Ƙ da ƙ tazarar 1 ce, haka Ƴ da ƴ. Amma tsakanin Ɓ da ɓ 210 ce, tsakanin Ɗ da ɗ kuma 205.

Dalili kuwa, ƙananan ɓ da ɗ suna cikin alamomin da masana furuci na duniya ke amfani da su, ga sautukan da ake furtawa ana zuƙo iska ciki, waɗanda ɗaliban tsarin sauti suka sani. Sai Unicode ya ajiye su a rukunin alamomin furuci, manyansu kuwa tare da Ƙ, ƙ, Ƴ, ƴ suna wani rukunin na ƙarin haruffan Latin. Gida ɗaya, unguwa daban. Don haka kada ka yi lissafi da kanka, bar wa yaren: "ɓarawo".upper() zai ba ka ƁARAWO daidai.

BAƘI ƊAYA, LAMBA BIYU

A aji mun koyi cewa sh, ts, ky, gw, ƙw da ire-irensu kowanne sauti ɗaya ne da ake rubutawa da haruffa biyu. Kwamfuta ba ta san wannan ba. ord("sh") kuskure zai kawo maka, don ord harafi ɗaya kawai yake karɓa. A wurinta "sh" 115 ce da 104. Duk mai rubuta manhajar raba gaɓoɓin kalmomin Hausa dole ya koya mata wannan da hannunsa.

Haka batun 'y. A Najeriya muna rubuta 'ya'ya, a Nijar ana rubuta ƴaƴa. Furuci ɗaya, ma'ana ɗaya, amma in ka sa Python ya ƙirga, na farko haruffa 6 ne, na biyu 4.

Ita kanta alamar da muke sa wa a 'ya'ya, sa'a da ma'ana tana da 'yan uwa masu kama da juna. Akwai miƙaƙƙiya ta kibod, 39. Akwai mai lanƙwasa ta rufe zance, 8217. Akwai ta buɗe zance, 8216, wadda Word ke yawan cusa wa a farkon 'yan da 'ya ba tare da ka nema ba. Akwai kuma 700, wadda Unicode ya ware a matsayin harafi na cikin kalma. A ido kusan duk ɗaya ne. Amma in kana ƙirga sau nawa "ma'ana" ta fito a wani matani, kuma marubucin ya gauraya su, ƙidayarka za ta iya fitowa ba daidai ba, kai kuma ba ka sani ba. In kana shakka, kwafi alamar ka ba ord, zai tona asirinta. Ka zaɓi guda ɗaya ka tsaya a kanta daga farkon aiki har ƙarshe.

Masu sa alamar karin sauti su ma su kula. "à" tana iya zama lamba ɗaya, 224, tana kuma iya zama biyu: 97 ta "a" da 768 ta alamar da ke hawa kanta. Siffa ɗaya, ciki daban.

TO, INA "Æ™" TA FITO?

Mu dawo kan ɗalibinmu. In za a adana rubutu a fayil, ana zuba lambobin ne a ƙananan ma'aunai da ake kira bayit, kowanne ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255. To 409 ba za ta shiga guda ɗaya ba. Tsarin da aka fi amfani da shi yau, UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, yana raba ta gida biyu. ƙ tana zama 198 da 153. ɗ tana zama 201 da 151. ɓ tana zama 201 da 147.

In manhajar da ta buɗe fayil ɗin ta san UTF-8 ne, sai ta haɗa biyun ta ba ka harafi ɗaya. In kuwa ta ɗauka tsohon jadawalin Windows-1252 ne, na harsunan Yammacin Turai, sai ta karanta kowane bayit shi kaɗai. A wancan jadawalin 198 ita ce Æ, 153 ita ce ™. Ga "Æ™" ta fito. 201 ita ce É, 151 kuma dogon karan ɗori, shi ne "waÉ—anda".

Kun ga rubutun bai lalace ba, da jadawalin da ba nasa ba aka karanta shi. Mataki na farko, rufe fayil ɗin ba tare da ka adana ba, ka sake buɗewa ka zaɓi UTF-8. In an riga an adana shi a haka, sai a bi hanyar a koma baya:

"Æ™asa".encode("cp1252").decode("utf-8")

Wannan zai dawo da ƙasa. Sai dai babban Ɓ yana iya ba da matsala, don bayit ɗinsa na biyu, 129, ba shi da harafi a Windows-1252, wani lokaci a hanya yake salwanta. Shi sai an bi da ido.

Akwai alamu biyu kuma da ya kamata a bambance. In ƙaramin akwati ka gani a gurbin ƙ, yawanci lambar tana nan daram, zubin rubutun da aka zaɓa ne ba shi da hoton harafin. Canza zubin, zai fito. In kuwa alamar tambaya ka gani, kamar "?asa", kuma ord ya ce maka 63, to an riga an goge 409 an sa wata a gurbinta. Babu umarnin da zai san ko ƙ ce, ko ɗ, ko ɓ. Nan kam sai mai jin Hausa ya zauna ya gyara, ko a nemo kwafin asali.

QASA, WAXANDA, VARAWO

Da yawanku kun ci karo da tsofaffin takardu masu "qasa", "waxanda" da "varawo", ko masu "}asa" da "wa]anda". Kafin Unicode ya yaɗu, dabarar da aka yi ita ce a ƙera zubin rubutu na musamman, a zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, tunda Hausa ba ta amfani da su. Dabara ce da ta yi amfani ƙwarai a lokacinta, an buga littattafai da kundaye masu yawa da ita. Matsalar ita ce lambar da ke ciki ta q ce, 113, riga kawai aka sauya mata. Da zarar fayil ya je inda babu wannan zubin, ko aka kwafa zuwa Facebook, sai q ta fito da fuskarta.

Gyaran layi biyu ne, kuma da lambobin nan ake yin sa:

canji = {113: 409, 81: 408, 120: 599, 88: 394, 118: 595, 86: 385}
print("Waxannan varayi sun bar qasar".translate(canji))

Zai fito: Waɗannan ɓarayi sun bar ƙasar. Ma'anar layin farko ita ce, duk inda ka ga 113 sa 409, duk inda ka ga 120 sa 599, haka har ƙarshe. Amma fa a yi hattara. Umarnin ba ya tunani, in akwai sunan Bature ko kalmar Turanci a ciki, ita ma zai taɓa ta. TV za ta koma TƁ. Ka cire shafin manazarta kafin ka fara, ka yi aikin a kan kwafi, ka kuma karanta bayan ka gama.

JERIN ABAJADA

Na ƙarshe, ga masu haɗa jerin kalmomi ko ƙaramin ƙamus. In ka ce wa Python ya jera maka kalmomi, da lamba yake jerawa. Ba shi baki, ɓera, kaza, ƙasa, zuma, zai dawo maka da baki, kaza, zuma, ƙasa, ɓera. A wurinsa daidai ne, tunda z 122 ce, ƙ 409, ɓ 595. A wurinmu kuwa ɓ bayan b take zuwa, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Sai ka ba shi namu jerin:

jeri = "abɓcdɗefghijkƙlmnoprstuwyƴz"
sorted(kalmomi, key=lambda k: [jeri.index(h) for h in k])

Wannan zai yi aiki ga kalmomi masu ƙananan haruffa da ba su da hamza. In kana son sh da ts su tsaya a matsayin baƙaƙe masu zaman kansu, sai an ƙara masa aiki.

Shawararmu ga duk mai fara sabon rubutu: sa kibod na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, ka buga ainihin ƙ, ɗ, ɓ, ka adana da UTF-8, ka kuma ajiye kwafin asali a gefe kafin ka tura wa kowa.

Ga aikin gida. Ba tare da kun taɓa kwamfuta ba, ku juya waɗannan zuwa kalmomi. Ku tuna a ita ce 97, b 98, c 99, haka a jere har z:

1. 599, 97, 108, 105, 98, 105
2. 595, 97, 117, 110, 97
3. 102, 97, 100, 97 da kuma 102, 97, 599, 97

A na uku, ku sa kowace kalma a jimla don a ga bambancin ma'anarsu. Sai mun ga amsoshinku. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.